Yadda Ake Hawan Keken Dutse Mai Lantarki a Cikin Taɓo, da Yadda Ake Kula da Shi Bayan An Dawo

Tambayoyi biyu ake ta maimaita mini duk lokacin da ruwa ya sauka hanyoyin daji suka jiƙe. Ta farko ita ce yadda mutum zai hau tudu a cikin taɓo ba tare da tayar baya ta riƙa juyawa a wuri ɗaya ba, ta biyu kuma ita ce yadda zai wanke keken ba tare da ya lalata injin ba. Na haɗa amsoshin a nan domin tushen matsalolin biyu ɗaya ne, wato sa ƙarfi a inda ake bukatar sassauci: ƙarfin inji a kan ƙasa mai santsi, da ƙarfin ruwa a kan boris da wayoyi. Keken da nake nufi shi ne mai inji a tsakiya, daidai wurin feda, irin injin da Bosch da Shimano da Yamaha suke ƙerawa, wanda nauyinsa yakan kai kilo 22 zuwa 25.

Kafin ka fara, ka tanadi famfo mai agogon auna iska, da bokiti biyu, da soso, da burushi mai laushi na jiki da wani mai tauri na sarƙa, da tsummoki masu tsabta, da sabulun wankin keke, da maganin cire tsohon mai, da man sarƙa na lokacin ruwa, da ma'aunin sarƙa, da saitin makullan alan. Ma'aunin sarƙa, wato ɗan ƙarfen da ke nuna yawan miƙewar da sarƙa ta yi, shi ne a cikinsu zai fi cece ka daga asara, kamar yadda za ka gani a mataki na ƙarshe.

1. Ka san irin taɓon da za ka shiga

Ba duk taɓo ne ɗaya ba. Akwai mai ruwa-ruwa wanda ya haɗu da yashi, wanda ba ya manne wa taya amma yana cin takalmin birki da sarƙa kamar an goga su da dutsen niƙa. Akwai kuma na yumɓu, mai danƙo, wanda yake taruwa a kan taya har ya cike tazarar da ke tsakaninta da firam, wilin ya daina juyawa gaba ɗaya. Na farko ana iya hawa a cikinsa idan an shirya. Na biyu kuwa shawarata ita ce ka haƙura har ƙasa ta sha iska, domin keke mai kilo 24 da yumɓu ya ƙara masa nauyi ba ya hawuwa, ba ya turuwa, ba ya kuma ɗaukuwa.

Gwajin mai sauƙi ne: ka taka ƙasar a bakin hanyar. Idan ta manne wa takalminka ta taso da shi, yumɓu ne. Ka kuma tuna cewa taya mai inji a bayanta tana haƙa rami a ƙasa mai laushi, kuma ramin yana bushewa ya zauna ya zama wahala ga duk wanda zai bi hanyar bayanka. Idan masu kula da wurin sun rufe hanya saboda ruwa, ka girmama rufewar.

2. Taya da iska

A nan ne ake samun nasara ko a rasa ta, tun kafin a bar gida. Tayar taɓo tana da haƙora dogaye masu tazara a tsakaninsu, domin haƙoran su huda laka su kama ƙasa mai tauri da ke ƙarƙashi, tazarar kuma ta bar lakar ta fice yayin da wili ke juyawa. Tayar da haƙoranta suka yi kusa da juna takan cika da laka cikin 'yan mitoci ta koma sumul. Mutane da yawa suna zaton taya mai faɗi ce ta fi dacewa, amma a taɓo mai zurfi mai faɗin inci 2.4 ta fi mai inci 2.6 ko 2.8, saboda mai faɗi tana yawo a saman laka maimakon ta ratsa ta, kuma tana rage tazarar da laka za ta bi ta wuce. Idan taya ɗaya kawai za ka iya sauyawa, ka sauya ta gaba, domin sulɓewar tayar baya ana iya gyara ta a kan tafiya, ta gaba kuwa yawanci faɗuwa ce.

Game da iska, ga mai nauyin kilo 75 zuwa 80 da taya marar tiyub, ka fara da psi (awon matsin iska a agogon famfo) 22 a gaba da psi 25 a baya, sannan ka rage ɗaya ko biyu idan hanyar ta yi santsi sosai. Wannan mafari ne kawai, mai nauyi ya ƙara, marar nauyi ya rage. Ka auna da agogo, kada ka dogara da matsa taya da yatsa, domin bambancin psi 2 yatsa ba ya jin sa amma ƙasa tana ji.

Gargaɗi: kada ka rage iska fiye da kima don neman riƙo. Taɓo yana ɓoye duwatsu da saiwoyi, kuma keke mai nauyi da taya mai laushi idan ya daki dutse rim ne zai lanƙwashe ko gefen taya ya yage. Idan taya marar tiyub kake amfani da ita, ka duba ruwan liƙin da ke ciki mai toshe huda, domin yana bushewa cikin wata 3 zuwa 6.

3. Sauran shiri kafin fita

Ka sa madigadi a gaba, ko da ƙarami ne. Ba don tsabtar riga ba, sai don laka ta daina shiga idonka kuma ta daina taruwa a bakin robar shakazoba. Ka leƙa takalman birki da tocila. Iri biyu ne, na ƙarfe da na roba-roba, kuma a taɓo na ƙarfe ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, ko da yake yana ƙara idan ya jiƙe. Na roba-roba yana iya ƙarewa a fita ɗaya mai tsawo cikin taɓon yashi. Idan za ka koma na ƙarfe ka tabbatar faifan birkinka yana karɓar sa, domin akwai faifan da aka rubuta a jikinsa cewa na roba-roba kaɗai ya yarda da shi.

Ka sa wa sarƙa man lokacin ruwa tun daren jiya domin ya shiga ciki, ka goge na waje da safe. Ka tabbatar batir ya zauna daram kuma murfin wurin caji ya rufu sosai. Ka kuma rage tsawon tafiyar da ka saba yi, domin taɓo yana shan batir fiye da busasshiyar ƙasa, kuma tura wannan keke zuwa gida babu wuta wahala ce da ba na so kowa ya ɗanɗana. Hular kwano da safar hannu da tabarau mai haske ba abin tattaunawa ba ne.

4. Hawan tudu

Wannan shi ne inda sababbin mahaya suka fi yin kuskure, kuma kuskuren yana da dalili mai kama da gaskiya: mutum ya ga tudu mai santsi sai ya ƙara ƙarfin inji zuwa ƙarshe, wato Turbo a injin Bosch ko Boost a injin Shimano. Manyan injinan nan suna ba da ƙarfin juyi mai yawa, Nm 85 ko fiye (Nm shi ne awon ƙarfin juyi), kuma laka ba za ta iya riƙe wannan ƙarfi ba idan ya zo a lokaci ɗaya. Sai taya ta yanke riƙo ta juya a banza, keken ya tsaya, ƙafa ta sauka cikin taɓo.

Ka zaɓi matakin tsakiya, irin eMTB a injin Bosch ko Trail a injin Shimano, wanda yake ba da taimako daidai da yadda kake taka feda. Ka shiga giyar da za ta bar ƙafafunka su riƙa juyawa kamar sau 70 zuwa 90 a minti ɗaya, kana takawa a zagaye cikin natsuwa ba kana dannawa da ƙarfi a kowane rabin juyi ba. Idan taya tana yawan sulɓewa duk da haka, ka ƙara giya ɗaya mai nauyi, domin hakan yana sassauta yadda ƙarfin ke isa ƙasa. Ka zauna a kan sirdi, kada ka miƙe tsaye, saboda nauyinka a kan tayar baya shi ne riƙonka. Idan tudun ya yi tsayi har gaba ya fara ɗagawa, ka matsa zuwa bakin sirdi ka sunkuyar da ƙirji wajen kan keke, amma kada ka ɗaga mazauninka. Rage tsayin sirdi da ɗan kaɗan yana taimakawa idan kana da sirdi mai sauka.

Ka sa ido a gaba ka zaɓi layinka: ciyawa, tsakuwa, da gefen da ruwa ya wanke har ƙasa mai tauri ta fito duk sun fi tsakiyar hanya inda tayoyi suka dame laka.

Gargaɗi: kada ka canja giya kana danna feda da ƙarfi. Ƙarfin ƙafarka da na inji duk ta sarƙa ɗaya suke bi, kuma sarƙa mai cike da yashi idan aka tilasta mata tsallaka haƙora a ƙarƙashin nauyi takan tsinke ko ta lanƙwasa haƙori. Ka sassauta ƙafa na ɗan lokaci, ka canja giya ɗaya, ka ji ta shiga, sannan ka ci gaba. Idan ka tsaya a tsakiyar tudu, ka riƙe birki kafin ka ɗora ƙafa a feda, domin injin yana iya jin nauyin ƙafar ya zabura. Idan tashin ya gagara, ka sauka ka yi amfani da maɓallin taimakon turawa, wanda yake jan keken da gudun da bai wuce kilomita 6 a awa ba.

5. Gangara da kwana

Ka sauke sirdi, ka miƙe a kan feda, diddige a ƙasa, gwiwa da gwiwar hannu a sake. Nauyinka ya zauna a tsakiyar keke. Tsoro yakan sa mutum ya ja jiki baya sosai, sai tayar gaba ta rasa nauyin da za ta kama ƙasa da shi, ita ce kuma mai juya keken.

Ka taka birki tun kana kan miƙaƙƙiyar hanya, kafin kwana, da yatsa ɗaya a kowane hannu, a hankali. Keken yana da nauyi kuma faifan birki a jiƙe yake, saboda haka nisan tsayawa ya fi wanda ka saba. A cikin kwana ka saki birkin gaba, ka karkatar da keken ƙarƙashinka jikinka yana tsaye, fedar waje a ƙasa. Saiwoyi da duwatsu masu santsi ka tsallaka su a miƙe ba a karkace ba, kuma kada ka taɓa birki ko feda kana kansu. Idan ka faɗa cikin ramin da tayoyi suka haƙa, ka bi shi har ƙarshe kana kallon inda ya ƙare, domin ƙoƙarin fita daga gefe shi ne yake kayar da mutum.

6. Kududdufi da cushewar laka

An ƙera injin da batir su jure ruwan sama da fantsama, ba a ƙera su don nutsewa ba. Ƙa'idata ita ce ruwan da zai kai ƙasan injin ba na shigar sa a kan keke. Idan ban ga ƙasan kududdufin ba, nakan sauka in auna da sanda. Ƙaramin kududdufi kuwa ka ratsa ta tsakiyarsa a hankali, kada ka zagaye, domin zagayen yana faɗaɗa hanya yana kashe ciyawar gefe.

Idan ka ji wili ya yi nauyi ko ka ji ƙarar gurza, ka tsaya nan take, ka kashe wuta, ka cire lakar da ɗan itace daga tsakanin taya da firam da kuma ƙananan wilolin na'urar canja giya. Ci gaba da takawa da ƙarfin inji yana iya fizge na'urar gaba ɗaya ya cusa ta cikin wili. Idan kuma injin ya daina taimako ko allo ya nuna matsala, abu na farko da za ka duba shi ne maganaɗisun auna gudu da ke jikin wilin baya ko faifan birki, domin laka takan rufe shi ko ta gusar da shi daga inda yake.

7. Wanki

Ka wanke keken a ranar da ka dawo, tun laka tana da danshi. Busasshiyar laka tana bukatar gurza, gurzar kuma tana karce fenti da sandunan shakazoba.

Da farko ka kashe wuta, ka tabbatar ba a haɗe yake da caja ba, ka rufe murfin wurin caji. Game da cire batir, masu ƙera kekuna sun bambanta, wasu sun ce a cire wasu sun ce a bar shi a ciki, don haka ka bi littafin kekenka. Idan ka cire, ka rufe bakin wayoyin da ke cikin firam kada ruwa ya taɓa su. Allon da ake iya cirewa ka cire shi, wanda ba ya ciruwa ka rufe shi da leda. Keken ya tsaya a kan tayoyinsa ko a rataye a miƙe. Kada ka kifa shi, domin ramukan fitar ruwa a ƙasa suke, kuma idan ka juya shi ruwan zai gangara cikin inji da mazaunin batir.

Ka jiƙa shi da tiyo mai ruwa a hankali ko da bokiti, daga sama zuwa ƙasa. Ka shafa sabulu, ka bar shi 'yan mintoci, ka bi da burushi mai laushi. Sannan ka koma kan sarƙa da haƙoran giya da burushi mai tauri da maganin cire mai, kana shafawa da burushin ba fesawa ba, domin feshi yana kaiwa ga faifan birki da robar da ke tsare injin. Soson da ya taɓa sarƙa kada ya taɓa birki, wannan ne dalilin bokiti biyu. A ƙarshe ka ɗauraye.

Gargaɗi mafi muhimmanci a wannan jagora: kada ka kusantar da injin wanki mai feshin ƙarfi ga wannan keke, musamman wurin inji, cibiyar wili, wuyan keke da mahaɗan firam. Ruwan yana ratsa roba ya kori giris ya zauna a cikin boris, kuma ba za ka ga illar a ranar ba. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure a wani yammaci da na gaji, keken ya fito yana sheƙi, bayan 'yan makonni sai ƙara ta fara fitowa daga mahaɗan baya, da makaniki ya buɗe sai ga tsatsa a boris ɗin da ba su daɗe da sauyawa ba. Na yi sa'a bai kai ga injin ba, domin injin a rufe yake, ba a gyara shi a gida, kuma buɗe shi yakan soke garanti.

8. Busarwa da sa mai

Ka ɗaga keken kaɗan ka sake shi a kan tayoyinsa sau biyu ko uku domin ruwan da ya maƙale ya zubo, sannan ka goge shi da tsumma. Ka goge sandunan shakazoba da na sirdi da tsumma mai laushi, ka danna su, ka sake goge zoben dattin da ya fito. Ka buɗe murfin wurin caji da mazaunin batir ka tabbatar babu ɗigon ruwa, ka bar su su sha iska.

Sarƙa ta bushe sarai kafin mai ya taɓa ta. A yawancin waɗannan kekuna juya feda baya ba ya juya sarƙa, saboda haka ko dai ka ɗaga wilin baya ka juya feda gaba, ko ka tura keken baya a hankali. Wuta a kashe take a duk wannan aiki, domin injin da ya tashi yatsa yana kusa da haƙora hatsari ne na gaske. Ka ɗiga mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka bar shi ya shiga, ka goge na waje har tsumma ya daina baƙi. Man da ya rage a waje yashi kawai yake tarawa. Faifan birki ka goge shi da sifirit mai tsabta. Idan mai ya taɓa takalmin birki, yawanci sauya shi ne kawai mafita.

9. Batir

Kada ka sa caji sai batir da wurin caji sun bushe, kuma batirin ya huce ya dawo yanayin ɗaki. Ka yi amfani da cajarsa ta asali, a wuri busasshe, kana kusa. Idan za ka ajiye keken na makonni, ka bar cajin tsakanin kashi 30 zuwa 60 cikin ɗari, a wuri mai sanyi-sanyi nesa da rana. Batirin da ya nutse a ruwa, ko ya fashe, ko ya kumbura, ko yake wari, kada ka sa masa caji ko sau ɗaya, ka ajiye shi a waje nesa da abin da wuta za ta kama, ka kai shi wurin dillalin da ya san irinsa. Shi da inji su ne mafi tsada a jikin keken.

10. Awo da sauya kaya a kan lokaci

Bayan kowace fita biyu ko uku cikin taɓo ka sa ma'auni a sarƙa. Idan kekenka mai giya 11 ko 12 ne, ka sauya sarƙa da zarar ta kai 0.5 a ma'aunin, mai giya 10 ko ƙasa da haka kuma a 0.75. Dalilin kuɗi ne: sarƙar da ta miƙe tana cin haƙoran giya na baya da na gaba, kuma waɗannan sun ninka kuɗin sarƙa sau da yawa. Wanda ya sauya a kan lokaci yakan ci sarƙa biyu ko uku a kan haƙora ɗaya, wanda ya yi jinkiri kuwa sai ya sayi duka a rana ɗaya, domin sabuwar sarƙa tsalle take yi a kan haƙoran da suka cinye. Ka kuma guji zama kullum a ƙananan haƙoran baya kana barin inji yana ja, domin su ne suke fara ƙarewa.

Takalmin birki ka sauya shi idan naman da ya rage ya kusa milimita 1, kada ka jira ƙarfe ya fara cin faifai. Mafi ƙarancin kaurin faifan a rubuce yake a jikinsa, a na Shimano milimita 1.5 ne. Sabon takalmi yana bukatar a zaunar da shi a busasshiyar hanya: ka ɗauki gudu matsakaici, ka taka birki har ka kusa tsayawa, ka saki, ka maimaita kamar sau 20 kafin ka kai shi taɓo. Idan za a ƙara man birki a duba irin da aka rubuta a hannun birkin, domin iri biyu ne, DOT da man ma'adini, kuma haɗa su yana lalata robobin ciki.

Shakazoba tana da lokacinta: a cikin masu ƙera ta, RockShox sun sa ƙaramin sabis na ƙafafun shakazobar gaba a kowace awa 50 ta hawa, Fox kuma cikakken sabis a awa 125 ko shekara ɗaya, kuma mai yawan shiga taɓo ya kamata ya yi kafin lokacin ya cika. Sau ɗaya a wata ka kama kowane wili ka girgiza shi gefe da gefe, ka riƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya, ka ɗaga sirdi kaɗan kana sauraron mahaɗan baya. Duk inda ka ji motsi ko ƙwanƙwasa, boris ne ko noti, kuma a wannan matakin gyaran ƙarami ne. Ƙarar da ke fitowa daga cikin injin kansa kuwa, ko lambar matsala da ta ƙi gushewa bayan ka tsabtace maganaɗisu ka kashe ka kunna, ka rubuta lambar ka kai keken wurin makanikin da ke da kwamfutar binciken irin wannan inji.